Yadda Za Ka Shirya Tankin Gilashi Don Gartsa Da Sauran Manyan Kifayen Ƙasan Ruwa

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da tambaya. Yana da tankin gilashi mai tsawon santimita 150, faɗi 50, zurfi 50, a ciki akwai gartsa biyu da kurungu ɗaya. Ya zuba tsakuwa mai launi-launi, ya dasa furannin roba, ya ajiye ɗan gidan ado na roba irin wanda masu sayar da kifi kan haɗa wa mutum da tanki. Kullum da safe sai ya tarar an tumɓuke furannin, gartsa ɗaya ta daina cin abinci, gashin bakin kurungun kuma sai gajarcewa yake yi. Yana son ya san yadda zai ƙawata tankin ya yi kyau a falo, kifin kuma su zauna lafiya. Yana kuma tunanin ƙara minjirya, ko tarwaɗar nan mai jan wutsiya da ake kawowa daga Kudancin Amurka.

Malam, kayan adon da ka saya an yi su ne don ƙananan kifayen da ke shawagi a tsakiyar ruwa, waɗanda ba ruwansu da abin da ke ƙasa. Naka kifayen a ƙasa suke kwana, a ƙasa suke farauta, cikinsu da haɓarsu da gashin bakinsu kullum suna gogar abin da ka shimfiɗa musu. Saboda haka kafin ka saka komai a tankin nan, ka tambayi kanka ko kifin zai iya haɗiye shi, ko zai iya ture shi, ko zai maƙale a cikinsa, ko zai yanke shi. In amsar ɗaya daga ciki ta zama e, to abin nan ba na tankinka ba ne, komai kyansa.

Mu fara da tsakuwar, don ita ce nake zargi da rashin cin abincin gartsarka. Gartsa ba ta gani sosai. Da hanci take neman abinci, shi ya sa za ka ga 'yan bututu biyu sun fito a gaban bakinta tana shinshina ƙasa da su. Idan ta ji ƙanshin nama sai ta kai cafka, ta zuƙe shi da duk abin da ke kusa. Tsakuwa mai girman ƙwayar wake ta isa ta shige maƙogwaro, amma ba lallai ta fita ta ɗaya ɓangaren ba. Kifin sai ya daina ci, cikin ya kumbura ta gefe ɗaya, ya kwanta wuri guda. Haka gaiwa take yi, haka manyan tarwaɗa. Abin da za ka shimfiɗa ko dai ya yi laushin da zai wuce ta cikin kifi ba matsala, ko ya fi bakinsa girma nesa ba kusa ba. Matsakaicin nan da ake sayarwa a leda, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, shi ne mafi haɗari, ga shi fentin da ke jikinsa yakan ɓare bayan 'yan watanni.

Shi kuwa kurungu, kamar sauran dangin tarwaɗa, ba shi da ɓawo a jiki, fata ce zalla da yauƙi. Gashin bakinsa da shi yake ɗanɗana abin da ke ƙasa. Tsakuwa mai kaifi tana goge shi, ragowar abinci da kashin da suka maƙale a tsakanin tsakuwar suna ruɓewa, ƙwayoyin cuta su shiga inda ya goge, sai ka ga gashin yana cinyewa kaɗan-kaɗan. Kamar a ce ka kwantar da mutum a kan tabarmar ƙaya ne ka ce ya yi ta juyi. Idan aka canza shimfiɗa ruwa kuma ya yi tsabta, gashin yakan sake tsirowa matuƙar bai cinye har gindi ba.

Yashi mai laushi shi ne maganin wannan. Mafi sauƙin samu mai kyau shi ne yashin da ake zuba wa matatar wurin ninƙaya, wanda ƙwayarsa ba ta wuce rabin milimita zuwa milimita ɗaya ba, yana da nauyin da ba ya tashi ya shiga filta, kuma ba ya canza ruwa. In babu shi, rairayin kogi ma ya yi, amma ka murza shi tsakanin yatsunka tukuna. Na kogi da ruwa ya daɗe yana mirginawa sulɓi gare shi. Yashin gini da aka niƙa daga dutse kuwa za ka ji yana kartar fata, wannan ka bar wa magina. Ka tankaɗe shi, ka zuba rabin bokiti, ka sa tiyo a ciki kana motsawa da hannu har ruwan da ke malala ya fito garau. Aikin yana cin lokaci, kada ka gaji, don ƙurar da ka bari ita za ta mayar maka da tanki kamar kunu. Kada ka ɗebo daga inda ake wanki ko inda magudanar gari ke zuba.

Kauri kuma kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. A tanki irin naka kilo 25 zuwa 30 ya wadatar. Yashin da ya yi zurfi da yawa iska ba ta ratsa ƙasansa, sai ya yi baƙi ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai, ranar da kifi ya tona kuwa gubar ta fito cikin ruwa. Ni na fi son yashi mai duhu-duhu ga gartsa. A kan fari fat takan koɗe ta yi fari-fari, a kan mai duhu kuwa zanen jikinta yakan fito sosai, musamman irin mai baƙaƙen ratsi da masana ke kira Polypterus endlicheri, wadda ake samu a Tafkin Chadi da Kogin Neja da Binuwai.

Ka tuna inda waɗannan kifaye suka fito. Masunta a fadamun Haɗeja da Nguru ko bakin Tafkin Chadi ba a tsakiyar ruwa mai gudu suke kama gartsa ba. A gefe-gefe take, inda ruwa ya kwanta, ƙasa taɓo ce da yashi, sama ciyawa da bado da kainuwa sun yi inuwa, ga saiwoyi da rassan da ambaliya ta kayar. Da rana tana laɓe, da magariba ta fito. Wannan yanayin za ka kwaikwaya, kuma idan ka yi shi daidai ya fi gidan roba kyau a ido.

Abu na biyu bayan yashi shi ne maɓoya. Mutane da yawa suna ƙin sakawa wai kifin zai ɓuya ba za su gan shi ba. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Kifin da ya san yana da inda zai ruga ya fi sakin jiki ya fito fili, wanda ba shi da wurin ɓuya kuwa sai ya manne a lungu bayan filta, ko ya yi ta karo da gilashi duk sanda aka kunna fitila. Kifi uku gare ka, to ka yi maɓoya huɗu, don kada a yi faɗa a kan ɗaya. Ka raba su, biyu a wannan gefe biyu a wancan, bakinsu kada ya kalli juna, kuma a sami wani itace ko dutse a tsakani da zai tare ido. Kurungu mai son mallakar wuri ne, in ya ga maƙwabci daga ƙofarsa zai yi ta kai masa hari da dare.

Tukunyar ƙasa ko tulun da ba a shafa wa komai ba maɓoya ce mai kyau da arha. Ka zaɓi wadda ta gasu sosai, wadda in ka ƙwanƙwasa za ta yi ƙara. Ka jiƙa ta a bokiti na mako guda, in ta fara narkewa ko ruwan ya yi ja ka jefar. Ka fasa ta biyu a tsaye ka kifa rabin a kan yashi, sannan ka goge bakin fashin da dutse har ya daina kaifi. Bututun roba na masu aikin famfo, wato PVC, shi ma yana aiki, kuma idan ka shafa masa gam ɗin silikon ka birgima shi a cikin yashi ya bushe, ba mai gane roba ce. Sai dai silikon ɗin ya zama na tankin kifi. Irin na banɗaki da kicin ana zuba masa maganin hana fumfuna, wannan maganin yana kashe kifi.

A nan ne nake son ka buɗe kunne sosai. Kowane rami da ke cikin tankin ko dai ya yi ƙanƙantar da kan kifi ba zai shiga ba sam, ko ya yi faɗin da zai shiga ya juya ya fito. Kifin nan girma suke yi, ramin kuwa yana nan yadda yake. Na taɓa ganin kurungun da ya saba shiga tagar wani gidan ado tun yana ƙarami. Ranar da ya yi ƙiba ya cusa kai, jiki ya ƙi wucewa, ya tsorata ya buɗe ƙayoyin gefensa. Ƙayar kurungu in ta buɗe kulle kanta take yi, ba ta komawa da ƙarfi. Sai da aka fasa gidan da filaya a cikin ruwa aka fitar da shi, fatar bayansa duk ta saɓule. Don haka bututu ya zama a buɗe ta baki biyu, faɗinsa ya ninka kaurin kifin sau biyu, kuma duk bayan 'yan watanni ka duba ko lokacin canza shi ya yi. Ramin da ke gindin tukunyar shuka ma ka toshe shi ko ka faɗaɗa shi.

Itace shi ne ke ba irin wannan tanki kwarjini. Babban reshe ɗaya mai lanƙwasa, wanda ya taɓa ƙasa a wuri biyu ko uku ya bar sarari a ƙarƙashinsa, ya fi tarin ƙananan guntaye. Kurungu zai manne a ƙasansa, wani lokaci ma a rigingine, gartsa kuma ta ɗora haɓa a kai. Masu sayar da kayan kifi suna kawo itacen mopani daga kudancin Afirka, mai nauyi ne, yana nutsewa da kansa. In kuma za ka samo na gida, ya zama busasshe ƙayau wanda ya daɗe da mutuwa, mai tauri, ba ɓawo, ba ɗanko, ba ƙanshi. Ka guji darbejiya da bishiyar turare, ka guji aduwa musamman, domin ɓawonta da 'ya'yanta suna ɗauke da sinadarin da tun da can ake amfani da shi a matsayin gubar kifi. Katakon kafinta ma a'a, galibi an yi masa feshin maganin gara. Ka kankare itacen da buroshi, ka dafa shi in zai shiga tukunya, in ba zai shiga ba ka kwarara masa tafasasshen ruwa, sannan ka jiƙa shi a baho kana canza ruwan har ya nutse. Zai riƙa sa ruwa ya yi kalar shayi. Wannan ba cuta ba ce, gartsa ma ta fi sakewa a irinsa, kuma canjin ruwa zai rage shi a hankali. Farin yauƙin da kan fito a jikin sabon itace a makonnin farko shi ma yakan ɓace da kansa. Duk wani tsinin reshe da ya kalli fili ka yanke shi ka goge, saboda babban kifi in ya firgita a guje yake tafiya, ido ne kuma ke fara samun rauni.

Duwatsu kuwa kaɗan sun isa, manya masu sulɓi irin na cikin kogi. Ka ɗiga musu ruwan khal, in ka ga kumfa na tashi to dutsen yana da farar ƙasa, zai riƙa narkewa yana sa ruwa ya yi nauyi. Marmara tana marmashewa, mai ƙyalƙyalin ƙarfe ko tsatsa a jiki ma ka bar shi. Yadda za ka ajiye su ya fi irinsu muhimmanci. Dutse a kan gilashin ƙasa yake zama, da ɗan faifan roba a ƙarƙashinsa, sannan a zuba yashi a kewaye. Idan ka ɗora shi a kan yashi, kifi zai tone ƙarƙashinsa, dutsen ya zame ya danne shi ko ya bugi gilashi. Kada ka jera dutse kan dutse sai ka manne su da silikon sun bushe. Tankinka yana ɗaukar kusan lita 375, wato kilo 375 na ruwa kaɗai, in ka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu ya doshi rabin tan. Teburin ya zama mai ƙarfi, a miƙe daidai, da farin soso irin na kwalin firji tsakaninsa da gindin tankin.

Duk wannan kaya a baya da gefe za ka jera su. Gaban tankin, kamar kashi biyu cikin uku na ƙasan, ka bar shi fili, yashi kawai. Nan kifin zai miƙe, nan zai juya, nan za ka ba shi abinci ka ga ya ci, nan kuma za ka zuƙe ƙazanta cikin sauƙi. Kifi mai cin nama kashinsa da yawa, kuma duk guntun naman da ya shige ƙarƙashin dutse ya kwana biyu zai ɓata ruwa da sinadarin amoniya. Ka bar tazarar da tiyo zai shiga tsakanin kayan ado da gilashin baya, ka kuma saita bakin filta yadda ruwa zai riƙa turo datti zuwa fili. Canjin kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako ba abin wasa ba ne a irin wannan tanki, in ruwan famfo ne kuma a cire masa kulorin tukuna.

Batun shuka, duk abin da aka dasa a yashi za a tumɓuke shi, kamar yadda ka gani. Ka nemi wadda ba ta bukatar ƙasa. Anubiyas ita ce ta farko, kuma 'yar Afirka ta Yamma ce, a rafukan dazukan kudancin Najeriya da Kamaru take fitowa. Shahararriyar cikinsu, Anubias barteri, sunan Charles Barter aka sa mata, masanin tsirran da ya biyo tawagar Baikie, Bature mai binciken ƙasa, a Kogin Neja ya rasu a garin Rabba da ke bakin kogin a 1859. Ganyenta kauri gare shi, ba ta son haske da yawa, kuma a jikin itace ko dutse ake ɗaure ta da zaren nailan har saiwarta ta kama. Kada ka binne kaurin jijiyar nan da ke kwance, ruɓewa za ta yi. Bolbitis ma haka ake ɗaure ta, ita ma ta Afirka ce. A sama kuma ka saki kainuwa kaɗan. Tana yin inuwa, saiwoyinta suna shan dattin da ke narke a ruwa, gartsa ƙanana kuma suna son rataya a cikinsu. In daga tafki ka ɗebo ta, ka wanke ta ka ajiye a wani baho na mako biyu, don takan zo da matsattsaku da ƙwan katantanwa. Kuma ka riƙa rage ta, kada ta rufe fuskar ruwan gaba ɗaya.

Dalilin haka shi ne gartsa huhu gare ta, guda biyu. Lokaci-lokaci za ka ga ta taso ta shaƙi iska ta koma. Gaiwa ma haka, ita in aka hana ta iska nutsewa za ta yi ta mutu a cikin ruwa. Tarwaɗa kuma tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska da ita. Don haka kada ka cika tanki har baki, ka bar kamar santimita 8 zuwa 10 tsakanin ruwa da murfi. Murfin kuma dole ne, mai nauyi, ba rami. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun wallafa yadda suka raini gartsa, irin Polypterus senegalus, a kan tudu mai danshi har wata takwas, suna tafiya da fikafikan gabansu. Kifin da zai iya wannan, ramin da wayar hita ke bi ya ishe shi ficewa. Ka toshe kowace kafa da soso, ka ɗora wani abu mai nauyi a kan murfin.

Hita ma sai an yi mata gida. Kifin ƙasa yana son raɓewa a jikin abu, sai ya kwanta a kan hita ta ƙone shi, ko ya buge ta da wutsiya ta fashe. Ka saya mata rigar roba mai ramuka, ko ka sa ta cikin bututun da ka huhhuda. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 25 zuwa 28. Yawancin shekara a ƙasar Hausa ba ka bukatarta, amma daren hunturu ruwan tanki yakan yi sanyin da kifi zai daina ci. Da bazara kuma ka nisanta tankin daga taga. Fitila mai laushi ta isa, awa shida zuwa takwas, kuma ka liƙa baƙar takarda ko ka yi baƙin fenti a bayan gilashin ta waje. Yana kwantar wa kifi da hankali, yana ɓoye wayoyi, koren anubiyas da jikin itace kuma su fito fes.

Game da kifayen da kake son ƙarawa, shawarata kada ka ƙara ko ɗaya a wannan tanki. Minjirya tana sakin lantarkin da ya kai volt 300 zuwa sama, da shi take farauta da kare wurinta, zaman kaɗaici ne ya dace da ita, da bututu mai faɗi da haske kaɗan. In ka haɗa ta da gartsa za ka ga suna firgita suna ramewa. Mai jan wutsiyar kuwa ta kogunan Amazon da Orinoko ce, ana sayar da ita kamar tsawon yatsa, amma tana wuce mita ɗaya, kuma cikin shekara guda za ta fi ƙarfin tankinka. Duk abin da ya shiga bakinta haɗiyewa take yi, har dutse da kan hita da abokan zama. Wannan kifin kududdufin siminti ne. Kifin nan mai manne wa gilashi da ake kira fleko shi ma kada a ruɗe ka da shi wai zai share maka tanki, yakan bi gartsa da dare yana tsotse yauƙin bayanta har ya yi mata gyambo.

Ranar da za ka yi canjin, ka ɗebi ruwan tankin a babban baho mai murfi ka sa kifin a ciki. Kurungu da roba ko kwano za ka kamo shi, ƙayarsa tana sarƙewa a raga. Sosan filta kada ka wanke shi da ruwan famfo kuma kada ya bushe, ka jiƙa shi a tsohon ruwan, domin ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya a jikinsa suke zaune, in suka mutu sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin su dawo. Kwashe tsakuwar gaba ɗaya, ajiye duwatsu, sannan itace da tukwane, sannan yashi, sannan ka zuba ruwa a kan faranti don kada ya tona. Bayan ka mayar da kifin ka bar fitila a kashe kwana guda, ka rage abinci na mako ɗaya.

Ita kuma gartsar da ba ta ci, ka dube ta daga sama. In cikin ya fito ta gefe ɗaya kuma da tauri, kada ka matsa shi da hannu, kada ka tura mata abinci. Ka bar ruwan a digiri 28, mai tsabta, ka ba ta kwanaki, sau da yawa tsakuwar takan fita da kanta, babbar gartsa kuma tana jure mako biyu ba ci. In cikin lafiya lau yake, to wataƙila rashin maɓoya ne da yawan haske suka takura ta. Bayan magariba ka kashe fitila, ka ajiye mata tana ko ɗan yankan kifi ɗanye a bakin tukunyarta, ka ja baya ka zauna shiru. Abin da ba ta ci ba zuwa safiya ka cire shi.